Rigar Sanyin Siririn Mutum

Maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan kana lafiya kai da mutanen ɗakinku. Yaya aikin madatsar ruwa, yaya iskar kan dutse? Nan lafiya lau muke, ni da tukunyar furen da ke bakin taga. Na leƙa Umma ranar hutu, ƙafarta ta yi sauƙi, har bakin titi ta rako ni. Ta ce in gaya maka ka rage shan ruwan sanyi, sai ka ce ni ke miƙa maka kofin.

Na san za ka ce me ya hana ni jira ka hau tudun nan da kuke samun sabis mu yi waya. To wace waya? "Kina ji na?" "Ina jin ka." "Lafiya?" "Lafiya." Sai iska ta kwashe sauran. Gara takarda, ita ba ta katsewa, kuma direban da ke kai muku kaya ya ce ba ta yi masa nauyi.

Yanzu ga magana, amma kada ka yi dariya. Rigar sanyin da nake saƙa maka ta kai inda saƙata ba ta taɓa kaiwa ba. Gaba ya ƙare, baya ya ƙare, saura hannuwa da wuya. Na san abin da ke ranka: buhun nan na ƙarƙashin gado. Safa mai ƙafa ɗaya, hular jaririn da yanzu da ƙafarsa yake zuwa makaranta, mayafin kujerar da ya tsaya a girman hankici. Ban musa ba. Farawa ke min daɗi, don a farko komai yana kama da abin da na gani a raina. Amma wannan sai na gama ta, kuma sai ka sa ta kafin sanyinku ya kama. Ina so sau ɗaya a rayuwata in ga abin da na fara ya tashi ya yi tafiya a jikin mutum.

Ulun kore ne mai duhu, kamar ganyen da ruwa ya jiƙa. A shagon tsohuwar nan na same shi, wanda ke tsakanin kemis da mai gyaran takalmi, shagon da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. Ta ce min kowane rini da kalarsa, ko da sunan ɗaya ne, in wannan ya ƙare wanda za a kawo ba zai zo daidai ba. Sai na kwashe duk abin da ya rage mata. Ina yawan zuwa wajenta, gaskiya fiye da yadda saƙar ke buƙata. Wani lokaci dunƙule ɗaya zan saya don kawai in ji an ce min sannu da zuwa.

Jiya ta ɗaga rigar ta duba, ta ce, "'Yata, a kan wa kike aunawa?" Na ce a kan tsohuwar rigarka. Ta ce, "Mutumin da ya kusa shekara a waje? Ke, namiji ba ƙofa ba ne da zai tsaya yadda kika bar shi. Aika a auno miki shi kafin ki ɗinke."

Shi ya sa za ka ga zare a cikin ambulan. Ka zagaya shi a ƙirjinka, inda ya haɗu ka ƙulla, ka dawo min da shi. Kada ka aiko min da lamba. A wani littafi da na karanta, yarinyar ta ajiye zaren da ya zagaya wuyan hannun masoyinta har ya dawo, ni ma irinsa nake so. Ko da yake ni a idona kana nan yadda ka fita, siriri, dogo, wuyan riga yana maka yawa, irin wanda masu rubutu ke ɓata shafi guda suna kwatantawa.

Ya maganar hutunku?

Taka, mai jiran direba.

*

Malama Sai-Gobe,

Wa alaikis salam. Takardarki ta iso gare ni lafiya, na karanta har Dogo, abokin ɗakina, ya ce ko jarrabawa za a yi min a kai. Na ji daɗin labarin ƙafar Umma. Ki gaishe ta, ki ce mata nan ko mutum ya so ruwan ɗumi sai ya dafa.

Gaba da baya sun ƙare? Allah mai iko. Ki yi min alheri ki rufe buhun nan da kyau, kada rigar ta ji 'yan uwanta suna kira ta koma cikinsu.

Ga zarenki nan na ƙulla. Muna da tef iri-iri a wurin nan, har wanda ake auna faɗin kogi da shi, amma tunda littafi ya ce zare, wane ni. A banɗaki na yi awon, don in mutanen nan suka gan ni da koren zare a ƙirji na shiga uku.

Lafiyata ƙalau. Na ɗan leƙa asibitin sansani makon jiya, ba wani abu ba ne, kada ki sa a ranki. Aiki ne dai ya yi yawa, tun safe muna kan siminti har rana ta faɗi. Wandunana ma duk sai da na ba telan nan ya gyara min. Sanyi ya fara leƙowa da asuba, in ka taɓa ƙarfe sai ka ji kamar ya cije ka.

Maganar hutu, shugaba ya ce a bari a ga yadda aiki zai kasance. Suna neman waɗanda za su zauna har sanyi ya wuce. Ban ce komai ba tukuna.

Ki riƙa fita kina shan iska, kada ki zauna daga ke sai fure da littafi.

Naki.

*

Maigida,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan wannan ta same ka a tsaye da ƙafafunka. Mu lafiya muke, in har za a kira wannan lafiya.

Na shimfiɗa tsohuwar rigarka a kan gado, na ɗora zaren a kai. Na ɗauka kuskure na yi, na sake. Na juya rigar na sake. Zaren bai kai ba. Abin da ya rage ya fi tafin hannuna, har da 'yan yatsu. Na zauna a bakin gado ina kallon ƙullin nan kamar zai yi magana.

Kai da dama can ba nama gare ka ba, ina sauran ya tafi?

Sai na koma kan takardarka. Ka leƙa asibiti, ba wani abu ba ne. Ka ba tela wanduna ya gyara. A banɗaki ka yi awo don kada a gan ka. Ni fa ba yarinya ba ce. Littattafan nan da kake min tsiya a kansu, na karanta sun fi a ƙirga, kuma babu inda namiji ya ce "kada ki sa a ranki" face akwai abin sawa a rai. Haka suke yi dukkansu, su yi ta barkwanci a takarda suna tari a hankici.

Don girman Allah ka gaya min gaskiya. Me likita ya ce? Kana cin abinci? Tari ne ko ciki? Ban gaya wa Umma ba, don ƙafarta ba za ta ɗauki wannan ba. Da na je ta ce me ya sami idona, na ce saƙa ce.

Na gwada wayarka har yatsana ya gaji, matar nan ta cikin waya ce kawai ke amsa min. Ka hau tudun nan ko sau ɗaya ne, in ƙafarka za ta iya hawa.

Matarka.

*

Maigidana,

Assalamu alaikum. Ban san ko gaisuwata na isa gare ka ba, amma ga ta nan dai.

Shiru ya yi yawa, sai na je harabar kamfaninku da kaina. Mai gadi ya ce ruwan sama ya cinye hanya a wani kwari, mota ba ta hawa ba ta sauka, turken waya ma ya faɗi. Na ce akwai labarin marasa lafiya? Ya ce, "Hajiya, ni labarin ƙofa kawai na sani." Ya nuna min kwalin da yake tara saƙonni, na hango takardata ta baya a ciki, ƙarƙashin wani ƙullin magani. Wannan ma can za ta kwanta. Duk da haka zan rubuta, don in ban rubuta ba da bango zan yi magana.

Na warware rigar.

Duka, gaba da baya. Na ce ba zan aika maka abin da zai yi maka yawa ba, ka sa shi yana reto, kullum yana tuna maka abin da ka rasa. Kuma rigar sanyi in ta yi yawa iska ke shiga ta ƙasa. Na zare tsinken, na ja bakin zaren, sai ga aikin watanni yana zubowa layi bayan layi, ko gardama babu. Abin da ya ba ni haushi ke nan, da ma ya ɗan yi taurin kai.

Ulun da aka warware a murɗe yake fitowa, kamar gashin da aka tsefe. Tsohuwa mai shago ta ce in jiƙa shi in rataye ya miƙe. Yanzu ɗakinmu duk kore ne, a bayan kujera, a hannun ƙofa, a ƙusar da kake rataye hularka. Maman 'Yan Biyu ta ƙasanmu ta hau neman aron dutsen guga, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Amarya, gona kika buɗe?" Ta zauna ta miƙa min hannuwanta na sarƙafa ulun ina naɗewa. Tun da muka tare a gidan nan ba ta taɓa zama a ɗakina ba sai ranar. Ta ce mijinta ma da ya yi aikin nesa kamar sanda ya dawo, wata biyu ta yi tana ɗura masa abinci. Na ji daɗin maganar, na kuma ji tsoronta.

Na sake ɗora saƙar a kan awon zarenka. Tana sauri yanzu, don ta ƙanƙance. Ban taɓa jin haushin saurin aiki ba sai wannan karon. Littafi ma na kasa karantawa. Na buɗe wani sabo, da na ga an kai mutumin asibiti sai na tura shi ƙarƙashin buhu.

Allah ya ba ka lafiya, ya gyara hanya.

Taka.

*

Maigida,

Gaisuwa mai yawa. An ce an gyara hanya, direba zai hau gobe, shi ya sa nake sauri.

Na gama.

Na rufe wuyan, na ɗinke hannuwa, na ɓoye bakin zaren ta ciki yadda tsohuwa ta koya min. Na yi zaton ranar da na gama abu zan yi guɗa. Sai na tsinci kaina a tsaye a tsakar ɗaki da riga a hannu, ba wanda zan ce wa duba. Na nuna wa furen. Daga baya na kai shago, tsohuwa ta juya ta ciki da waje, ta ja wuyan ta saki, ta ce, "To, yau kin zama masaƙiya." Ta ba ni kujerarta na zauna.

Da yake rigar ta ragu, ulu ya yi saura. Na saƙa wa 'yan biyu huluna da shi, su ma na gama, ka ji ikon Allah. Yanzu in na leƙa taga sai in ga kawuna biyu kore suna bin juna a tsakar gida.

Ka sa ta a kan fata ko a kan 'yar shara, ba ta ƙaiƙayi. In kana kwance ne, a sa maka. Ka rubuto ko layi ɗaya ne da hannunka, in ga yadda hannun yake.

Matarka.

*

Ranki ya daɗe,

Wa alaikis salam. Lafiyata ƙalau, wallahi ƙalau, ki fara riƙe wannan kafin ki karanta sauran. Takardunki uku da ƙunshin riga rana ɗaya suka iso. Na karanta su a jere a bayan ɗakin janareta, na rasa inda zan sa kaina.

Ban rame ba. Ƙiba na yi.

Kukun sansanin nan bai san kaɗan ba, shinkafa yake zubawa kamar yana cike rami, ga burodi, ga shayi mai madara safe da yamma, ga sanyi mai sa cin abinci. Wandunan da na kai wa tela buɗe su ya yi. Asibiti kuwa ƙusa na taka, aka yi min allura. Wuyan rigar da kika ce yana min yawa, yanzu maɓallin sama ba ya rufuwa.

Da na karanta takardarki ta farko, inda kika ce siriri dogo irin na littafi, sai na shiga banɗaki na dubi tumbina. Na zagaya zaren, na ga inda ya tsaya, na ce a'a, ba za a kai wa matata wannan ba. Na fitar da numfashi duka, na shanye ciki, na ja zaren. Kin san ulu, in ka ja shi biyo ka yake yi. Na ja har ya shige cikin nama, na ƙulla. Da na sake shi ya koma gidansa. Ni a tunanina ɗan kaɗan na rage, yadda za ki ce yana nan yadda yake. Ban kawo cewa za ki ɗora shi a kan tsohuwar riga ba, ban kuma kawo za ki warware aikinki ba. Da na zo wurin nan a takardarki, inda kika ce ko gardama bai yi ba, sai da na ajiye ta na ɗan zagaya.

Duk da haka na gwada rigar, na ce ko ana ha-maza sai ta shiga. Kai ya wuce, hannu ɗaya ya wuce, a kafaɗa ta tsaya. Na maƙale, hannu a sama kamar wanda 'yan sanda suka tare. Dogo ya shigo ya ce, "Innalillahi, wa ya ɗaure mana injiniya?" Ya kira kuku, ɗaya ya riƙe ni ɗaya yana ja. Ina ta ce musu a hankali, kada ku tsinka mata zare. Kuku ya ce, "Oga, ko dai ta ƙaninka ce aka aiko?" Ba wanda ya yi dariya da na ce tawa ce, matata ta saƙa.

Ba ta tsinke ba. Kyakkyawa ce, ban taɓa riƙe abu mai kyau irinta ba. Tana cikin akwatina a naɗe. In akwai sauran ulun, ko za a iya ƙara mata wani abu a gefe?

Ki yafe min. Maganar zama har bayan sanyi kuma, shugaba na jiran amsa. Me kika gani?

Naki, mai kunya, mai tumbi.

*

Maigidana,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da lafiyarka. Na yi sujada, na yi kuka, sannan na yi dariya har Maman 'Yan Biyu ta buga silin da tsintsiya ta ce lafiya. Umma na gaishe ka. Na gaya mata ka yi ƙiba, ta ce sai ta gani da idonta, don tun kana yaro take fama da ramarka.

Babu sauran ulu, yana kan 'yan biyu. Na je shago ko da rabo, tsohuwa ta fito da sabon kore. A cikin shago kamar shi ne, da muka fita rana muka haɗa da guntun da ke jakata, sai ga shi kowa da gidansu. In na ƙara maka shi a gefe, duk wanda ya gan ka zai san an yi faci.

Na yafe maka, ai ni na fara. Ni na aika maka mutumin littafi na ce ka shiga cikinsa. Amma bari in gaya maka abin da ya tsaya min. Da na dawo daga shago na tsaya a bakin titi ina jiran motoci su wuce, sai na ga wani siriri dogo a tsallake, gabana ya faɗi kamar yadda yake yi kullum. Sai na tuna ashe ba irinsa zan riƙa dubawa ba yanzu. To wa zan duba? Da za ka sauko daga mota a cikin taro ka juya baya, wuce ka zan yi. Watannin nan duka ina zaune a ɗakin nan ina hira da wani, ina saƙa masa riga, na warware, na sake, ina yi masa kukan ciwo, ashe babu shi ko a can ko a nan. Wannan ya fi zaman ni kaɗai ciwo.

Kada ka bar rigar a akwati. Ban gama ta don ta koma wani buhun ba. Ka duba cikin mutanenku wanda za ta shiga, wanda ba shi da mai saƙa masa, ka ba shi. Ka ce kada ya wanke ta da ruwan zafi, kada ya murɗe ta, a shimfiɗe ake shanya ta. Ba sai ka gaya min ko wane ne ba.

Ka tambaye ni me na gani. Kullum in ka tambaya nakan ce duk yadda ka ga ya dace, don haka matan kirki ke cewa a littafi, sai a yabe su a shafin ƙarshe. Yau ba zan ce ba. Ka zo. Ko ba za su bar ka ka daɗe ba, ka zo ka tsaya a tsakar ɗakin nan, ka saki cikinka, ka yi numfashi yadda Allah ya hore maka, in auna ka da hannuna. Ba zan ɗora ko layi ɗaya ba sai na ga wanda nake saƙa wa.

Matarka.

*

Masaƙiya,

Wa alaikis salam. Ina lafiya, ina fatan kina lafiya.

Rigar tana jikin wani dattijo mai kula da famfunan ruwa. Kin ce kada in faɗa, amma ya sa na yi alkawarin isar da godiyarsa. Kamar a jikinsa kika saƙa ta. Da safe nakan hango shi a kan madatsa, kore a cikin hazo, sai in ɗauke kai in kuma sake dubawa.

Na je wajen shugaba. Bai sake ni duka ba, sanyin nan a nan zan ci shi, da tsohuwar jaket ɗita da ba ta rufuwa. Amma ya ba ni 'yan kwanaki, kuma rabinsu hanya za ta cinye. In direba ya sauko karo na gaba, ki duba gidan gaba. Wanda ya cika kujerar, ni ne.

Ki gaya wa tsohuwa ta ajiye miki ulu, rini ɗaya. Ki ƙiyasta abin da zai isa, sannan ki ƙara.

Naki.